Takardar da na sa wa hannu

Shekara 11 na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin garin Kaduna, huɗun ƙarshe ina mataimakiyar shugaban makaranta. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba zan faɗi unguwar ba, domin yarinyar da maganar ta shafa tana nan tana karatunta, kuma Kaduna duk girmanta, in ana batun tsegumi, ba ta fi zaure ɗaya ba.

Wata Laraba ce cikin hunturu, an tashi, yara sun watse. Wata ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare ta tsaya a bakin ofishina tana murza gefen hijabinta. Ta ce, "Anti, don Allah a canza min aji." Na ce ta shigo, na rufe ƙofa, na miƙa mata ruwa. Mun fi rabin awa kafin bakinta ya buɗe. Malamin lissafinsu yana tsayar da ita bayan darasin yamma. Ya ba ta wata ƙaramar waya ya ce ta ɓoye, cikin dare yana turo mata maganganun da babba ba ya faɗa wa yaro, kuma har sau biyu ya kai hannu jikinta. Shekarunta 13. Wayar tana cikin jakarta, a naɗe cikin safa.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar, kuma shi ya riƙe maganar daga baya. Na ɗauko littafi na rubuta kwanan wata da lokaci, na rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ban gyara ba, ban ƙara ba. Na ɗauki hoton saƙonnin da wayata, lambar mai turowa tana fitowa a sama.

Washegari na kai wa mai makaranta. Ya kira mahaifin yarinyar, muka zauna mu uku. Uban ya karanta saƙonnin, hannunsa yana rawa, sannan ya ce, "Alhaji, 'yata mace ce, gobe gidan wani za ta. Ba na son sunanta a bakin mutane." Mai makaranta kamar jira yake. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, kin ji. A bar kaza cikin gashinta. Yau ɗin nan zan sallame shi." Aka sallame shi. Da zai tafi ya durƙusa yana kuka, yana da mata da 'ya'ya uku, a taimake shi da takardar shaidar aiki. Shugaban makaranta ba ya gari, sai takardar ta sauka a teburina. Layi uku ce kacal: ya yi aiki da mu shekara biyu, malami ne mai ƙwazo da riƙon amana, ya bar aiki don ra'ayin kansa. Na daɗe ina kallonta. Na faɗa wa raina ai ya tafi, yarinya ta huta, uba ya ce a rufe, ni wace ce? Na sa hannu, na buga hatimi.

Bayan wata bakwai, ina cikin Keke a hanyar zuwa tashar Kawo da sassafe, sai na hango shi tsaye a ƙofar wata makaranta, rajista a hammata, 'yan mata suna wucewa ta gabansa suna gaishe shi. Ban san lokacin da na ce wa mai Keke ya tsaya ba. Ban sauka ba, zama kawai na yi ina kallo har aka rufe ƙofar. Na san da wace takarda ya samu aikin nan.

A daren na faɗa wa maigidana komai, har da sa hannun. Ya yi shiru, sannan ya ce, "In kin shiga, aikinki zai tafi. Kin shirya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ki fara da sanin doka, kada ki je kina kuka kawai." Ƙanwarsa ce ta haɗa ni da wata lauya 'yar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ba ta karɓi ko kobo a hannuna ba.

A ofishinta na gane cewa shekara 11 ina aikin da ban san dokarsa ba. Ta buɗe min dokar da ta kafa Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Ƙasa, TRCN, wadda aka yi tun 1993 zamanin soja. Dokar ta tanadi kwamitin bincike a kowace jiha da kuma kwamitin ladabtarwa mai ikon soke sunan malami daga rajista. Ta kuma ɗora wa shugaban kowace makaranta nauyin kai rahoton duk malami mai rajista da ya yi rashin ɗa'a, kuma ƙin kai rahoton laifi ne. Na ce, "Barista, hukuncinsa fa?" Ta nuna min da yatsa: tarar Naira 1,000 ko ɗaurin wata uku. Naira dubu ɗaya, kuɗin da bai kai na littafin aji ɗaya ba. Sannan ta tambaye ni ko malamin yana da rajistar TRCN. Ba shi da ita. Ya gama digirinsa ne a fannin da ba na koyarwa ba, ya rasa aiki, muka ɗauke shi kamar yadda makarantun kuɗi da yawa suke yi, saboda albashinsa ba ya da nauyi. Ta ce, "To kin ga ramin. Wanda ba ya cikin rajista, me za a soke masa? Maigadi fa? Direban motar makaranta fa? Mai shara, mai dafa abinci a makarantar kwana? Duk suna tare da yara, babu wanda dokar nan ta ambata."

Ba wai Kaduna ba ta da dokoki ba ne. Akwai dokar kula da walwala da kare yara ta 2018, akwai dokar hana cin zarafin jama'a ta shekarar, sannan a Satumba 2020 gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya sa hannu kan gyaran kundin laifuffuka wanda ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Akwai rajistar masu laifin lalata ta ƙasa da hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ke riƙe da ita tun Nuwamba 2019. Amma duk waɗannan suna jira ne a ƙarshen hanya, bayan an kai ƙara, an yi bincike, kotu ta yanke hukunci. Farkon hanyar, wato lokacin da magana take tsakanin yarinya da malama da mai makaranta a ɗaki rufe, nan ne babu kowa. Ni a ganina ma tsananin hukuncin yana ƙara wa wasu iyaye da masu makarantu tsoron buɗe baki, saboda kowa yana gudun a ce shi ya jawo. Ban ce a sassauta ba. Cewa nake in ba a tilasta rubuta rahoton farko ba, maganar ba za ta taɓa isa gaban alƙalin da zai yi amfani da dokar ba.

Barista ta raba min aikin gida biyu, kuma wannan rabon shi ne mafi amfanin abin da na koya. Abin da malamin ya yi wa yarinya laifi ne, hurumin 'yan sanda da kotu ne, kuma sai iyaye sun yarda sun tsaya. Abin da makaranta ta yi, wato rufewa da ba shi takardar yabo, matsala ce ta tsari, kuma ita za a kai wa masu sa ido kan makarantu da Majalisar Dokoki. Ta gargaɗe ni kada in cakuɗa su, domin majalisa ba ta sa baki a maganar da ke gaban kotu.

Gidan iyayen na je sau uku. Karo na farko uban bai fito ba. Wata gwaggon yarinyar ta ce min in ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya sa ta karɓi wayar? Har yau in na tuna maganar nan raina yana ɓaci. Yarinya 'yar shekara 13, da mutumin da ke riƙe da makinta na jarrabawa. A zuwa na uku uwar ce ta tsayar da maganar. Ta ce wa mijinta, "Alhaji, tamu ta tsira, ta wasu fa? In ya yi wa wata abin da ya fi wannan, me za mu ce wa Allah?" Da ita muka je ɗaya daga cikin cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata, waɗanda gwamnatin jiha ta buɗe a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da kuma na Kafanchan. Nan aka zauna da yarinyar cikin sirri, mai ba da shawara ta saurare ta, aka haɗa su da jami'ar 'yan sanda mai kula da irin wannan ƙara. Wannan ɓangaren nasu ne, ba zan ƙara komai a kansa ba.

Nawa ɓangaren takardu ne. Ta farko ita ce mafi wuya: na rubuta wa makarantar da ya koma cewa na janye takardar shaidar da na sa wa hannu, domin abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne, kuma ga dalilin sallamarsa. Da hannuna na kai. Shugabar makarantar ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Hajiya, ajin 'yan mata na ba shi saboda takardarki." Ba ni da amsa. A makon suka dakatar da shi.

Sai na rubuta wa Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta jiha, wadda ke ba makarantun kuɗi izini tana duba su, na aika kwafi ga Ma'aikatar Ilimi da ofishin TRCN na jiha. Da a ce makarantar gwamnati ce, hanyar daban take: in firamare ce, daga shugaban makaranta zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, in sakandare ce, zuwa ofishin shiyya da hukumar kula da malamai. Ga duk mai niyyar bin wannan hanya, shawarata ɗaya: kada ki miƙa takarda ba tare da kwafi a hannunki ba, kuma kada ki bar wurin sai an buga wa kwafin hatimin karɓa da kwanan wata. A wani ofishi, da na koma bayan mako uku, aka ce ba a ga takardata ba. Kwafin nan mai hatimi na ciro daga jaka, sai ga fayil ya fito.

Koken majalisa mun yi mako biyu muna rubuta shi. Barista ta karanta min sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulki na 1999. Su suka ba Majalisar Dokokin jiha ikon bincikar yadda ma'aikatu da hukumomi ke aiwatar da dokokin da ta yi da kuɗin da ta ware, don gyara dokokin ko tona cin hanci, sakaci da almubazzaranci, har da ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida ko ya kawo takardu. Amma majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta biyan diyya, kuma ƙudurin da ta zartar ba ya zama doka sai an mayar da shi doka. Wannan ya sa muka bar batun hukunta mutum ɗaya, muka nufi ramin da ya bi ya fice.

Mun rubuta wa Kakakin Majalisa, cikin ladabi, shafi biyu, ba sunan yarinya, ba abin da zai nuna ta. A ƙarshe muka jero roƙonmu. Babba shi ne a wajabta wa kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, boko ko Islamiyya, ta sanar da hukuma a rubuce cikin awa 48 duk lokacin da aka zargi wani ma'aikacinta da cutar da yaro, malami ne ko maigadi, kuma ko da ya ajiye aiki ya gudu. Muka roƙi a haramta ba irin wannan mutum takardar yabo, a kuma tilasta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya tuntuɓi inda ya baro. Muka roƙi a riƙa kawo wa majalisa rahoto duk shekara: ƙorafi nawa aka samu a ƙananan hukumomi 23, nawa aka bincika, nawa aka tabbatar, nawa aka wanke, ba tare da sunan yaro ko ɗaya ba. Barista ta kawo misalai biyu daga waje. A Amurka, dokar ilimi ta 2015 ta wajabta wa jihohin da ke karɓar kuɗin tarayya su hana makarantu taimaka wa ma'aikacin da aka san ya yi lalata da ɗalibi samun aiki a wata makaranta. A Ingila, bayan wani mai kula da ginin makaranta ya kashe yara mata biyu 'yan shekara 10 a garin Soham a 2002, bincike ya gano an sha kai ƙorafi a kansa a wani yanki amma labarin bai bi shi ba, kuma yanzu doka ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya sanar da hukumar tantancewa in ya cire wani saboda cutar da yaro.

Ni na nace a ƙara roƙo guda: a kare wanda ake zargi shi ma. Na koyar, na san ana yi wa malamai ƙazafi, wani lokaci don maki, wani lokaci don mai makaranta yana neman hanyar korar wanda ya nemi albashinsa. Rahoto ba hukunci ba ne. A dakatar da mutum, a bincika, a ji ta bakinsa kamar yadda sashe na 36 na kundin ya tanada, in ya fita a rubuta cewa ya fita. Malamin kirki ma ya fi samun kariya a tsarin da ake rubuta komai fiye da wanda ake yanke masa hukunci a ofishin mai makaranta cikin minti goma.

Koken ya bi ta hannun ɗan majalisar mazaɓarmu, ɗaya daga cikin 34 da ke zauren. Na same shi a ofishin mazaɓa ranar Asabar, ya karanta a gabana har ƙarshe, ya tambaye ni ko na san sunana zai fito. Na ce na sani. Shi ya gabatar da shi, aka miƙa wa kwamiti, bayan wasu makonni akawun kwamitin ya kira ni, takardar gayyata ta biyo baya.

Duk rayuwata ina wuce Lugard Hall, mazaunin Majalisar Dokokin jiha, ina kallon ƙubbarsa daga cikin mota, ginin da majalisar Jihar Arewa ta zauna a zamanin Sardauna, ban taɓa zaton zan shiga ba. Ba a babban zauren aka yi zaman ba, ɗakin kwamiti ne mai dogon teburi. Ga 'yan majalisa, ga jami'an da aka gayyato daga ɓangaren gwamnati, ga mai makarantarmu da lauyansa, bai ko kalle ni ba. Barista ta roƙi kada a ambaci sunan yarinya ko ajinta, shugaban kwamitin ya amince nan take.

Na yi bayanina, muryata tana rawa. Da na gama, shugaban ya ɗaga kwafin takardar shaidar ya ce, "Malama, wannan sa hannun na waye?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da ya yi lokacin da kika sa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ɗakin ya yi tsit. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, kuma tun a gida na yanke cewa ba zan laɓe bayan mai makaranta ba. Na ce an umarce ni, amma ba a riƙe min hannu ba. Na ce da a ranar akwai dokar da ta ce sai na aika rahoto cikin kwana biyu ko in fuskanci hukunci, da ita zan nuna wa mai makaranta in ce, Alhaji, ba a hannuna take ba, ba a hannunka take ba. Da uban yarinyar ma ya samu sauƙi, domin ba shi za a ce ya tona ba. Irin wannan doka ba barazana kawai ba ce ga ma'aikaci, mafaka ce ga mai rauni irina a ranar da ake matsa masa ya yi shiru.

Lauyan makarantar ya tashi ya ce wanda yake karewa bai karya doka ba, tunda malamin ba mai rajista ba ne, kuma iyaye ne suka nemi a rufe. Wani ɗan majalisa ya tambaye shi, to me ya sa aka ɗauki marar rajista aka ba shi aji? Bai amsa kai tsaye ba. Sannan wani ya juya ga jami'an gwamnati ya nemi adadin rahoton rashin ɗa'a da makarantun kuɗi suka aiko bara. Jami'in ya roƙi lokaci ya kawo alƙaluman a rubuce, aka ba shi. A nan na fahimci abin da ake nufi da sa ido. Tambaya ce da wani mai iko zai yi, a rubuta ta, a sa ranar kawo amsa. Jihar da a 2017 ta iya yi wa malaman firamare jarrabawa ta ƙirga 21,780 da suka faɗi, ɗaya bayan ɗaya, ba za ta kasa ƙirga waɗanda aka sallama saboda sun taɓa yara ba, in dai an wajabta a aiko mata.

Aikina ya tafi kamar yadda maigidana ya faɗa. Ba kora aka rubuta ba, an ce an rage ma'aikata. Wasu abokan aikina sun daina ɗaukar wayata, biyu daga cikinsu kuma sun zo har gida cikin dare suka ba ni labarin makarantun da suka baro, labarai masu kama da nawa, kowanne ya ƙare da takarda mai layi uku. Na roƙe su su rubuta, ɗaya ta yarda, Barista ta miƙa wa akawun kwamiti. Kwamitin zai haɗa rahotonsa ya kai zaure, kuma ina tuntuɓar akawun duk farkon wata. Yarinyar ta koma wata makaranta, uwarta ta ce ta fara barci ba tare da fitila a kunne ba.

Wata biyar na yi a gida kafin wata ƙaramar makaranta ta ɗauke ni shugaba. Na gaya wa mai ita sharaɗina tun ranar farko, ta yarda. A watan jiya wani matashi ya kawo takardunsa yana neman koyar da kimiyya, da takardar shaida mai kyau daga wata makaranta a wata unguwa. Na nemo lambar shugaban can na kira, na gaishe shi, na ce ina tambaya ne kan malam wane, me ya raba ku? Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce, "Hajiya, wannan ba maganar waya ba ce, ki zo mu yi baki da baki."

Na ce, "Zan zo gobe da safe, Malam. Amma zan taho da takarda, kuma a rubuce nake son amsar."